Rigar Ganyen Abarba: Sunan Wa Ake Kira?

'Yar uwa, da za a ce miki akwai ƙasar da amare ke shiga rigar ganyen abarba, sai ki ce almara ce. To ba almara ba ce. A ƙasar Filifin, yadin da ake ji da shi, wanda suke kira piña, daga ganyen abarba ake cire zarensa. A lardin Aklan, mata kan kankare ganyen da fasasshen tangaram har zaren ya fito, a wanke, a shanya, sannan a bi shi sili-sili ana ƙullawa da hannu kafin a kai ga masaƙa. Yadin yakan fito shara-shara, fari mai ɗan ruwan madara, ba nauyi.

Da irin wannan yadi manyan telolin ƙasar suka yi suna. Babbar shigar matansu ita ce terno, doguwar riga mai hannu a miƙe bisa kafaɗa kamar fiffiken malam-buɗe-littafi. Tela Ramon Valera, wanda ya rasu a 1972, shi ake jingina wa haɗe riga da siket su zama abu ɗaya, da zif a baya. Gaskiya ya yi gwaninta, domin shigar da a da sai an sha fama da ita ta zama ta zurawa kawai. Sai dai fa ya ajiye pañuelo, wato ɗan mayafin kafaɗa, alhali a nan ne surfanin hannu ya fi bayyana. Ni a ganina an sami sauƙi, amma an rage wa mai allura fili.

Wannan ma ƙarami ne. Babban aibin shi ne wanda Bahaushe ya ce, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Idan aka fito da rigar a dandalin Manila, sunan tela ake kira, shi ake ɗauka a hoto. Matar da ta ƙare idonta wajen ƙulla zare fa? Masu surfani na garin Lumban fa? Haka ma matan ƙabilar T'boli da ke saƙa t'nalak da zaren abaca, wata irin ayaba, waɗanda suka yi imani a mafarki ake nuna musu zanen. Sai ki ga an kwafi irin zanen masaƙa an buga a yadin kamfani ana sayarwa da araha, su ko sisi.

Ba a ce ba a yi komai ba. A 1998 gwamnati ta karrama masaƙiya Lang Dulay, a 2004 aka yi dokar sa zaren gida a kayan ma'aikata, a 2023 kuma UNESCO ta sanya saƙar piña ta Aklan cikin gadon duniya. Madalla. Amma lambar yabo ba ta hana 'yar masaƙiya barin masaƙa ta tafi birni neman aiki. Abin da zai zaunar da ita shi ne farashi mai kyau, da sunanta a wuyan riga kusa da na tela.

Don haka idan kin ga terno a hoto ya burge ki, yaba wa almakashi, amma ki tuna da hannun da ya riga shi wahala. Allah ya ba kowa ladan guminsa, amin.