Carol: Soyayyar Da Marubuciyar Kisan Kai Ta Rubuta

A watan Disamba 1948, Patricia Highsmith na aikin wucin-gadi a sashen kayan wasan yara na kantin Bloomingdale's da ke Niyok. Wata mata mai gashi ruwan zinare ta shigo, ta sayi 'yar tsana, ta bar adireshi, ta fice. Iyakar haɗuwarsu ke nan. A daren Highsmith ta tsara ƙashin labarin cikin kamar awa biyu, zazzaɓin ƙarambau na shirin kwantar da ita.

Littafin, The Price of Salt, labarin maɗigo ne tsakanin Therese da Carol. Mawallafinta na farko ya ƙi shi, ya fito a 1952 da sunan aro, Claire Morgan. Sai 1990 ta yarda aka sa sunanta.

To, mai karatu, kada ka manta ita ta rubuta Strangers on a Train. Matar kantin ma sai da ta bi adireshinta har Niyu Jasi, ta tsaya tana leƙen gidan daga nesa. Shi ya sa soyayyar littafin take kamar farauta: ga ɗan leƙen asiri yana naɗar muryoyinsu a ɗakin otal, ga bindiga a akwati. Rikicin ƙwace ɗiya kuwa daga rayuwar wata tsohuwar masoyiyarta ta tsamo shi.

Fim ɗin Todd Haynes na 2015 bai zubar da bindigar ba, kuma Cate Blanchett ta yi wasa, ba ƙarya. Amma Therese ɗinsa ta cika sanyi. Ta littafin idonta a tsaye yake, har takan ba ka tsoro.