Gahawa, Benci da Kuɗin Zama: Nazari daga Mandawari

Bayan sallar isha'i, idan ka biyo Sabon Titin Mandawari ka karya cikin lungu, hancinka ne zai fara gaya maka inda mai shayi yake. Ƙamshin citta da kanumfari ne, gauraye da hayaƙin gawayi da ƙaurin ƙwai a kasko. An jera gwangwanayen madara a kan tebur kamar gini, ga burodi a leda, benci uku sun kewaye wurin. Wani dattijo ya zo ya zauna, mai shayin bai jira ya yi magana ba ya ce, “Baba, yau ma ruwan bunu ne?” Dattijon ya gyaɗa kai. Aka ɗaga kofi sama aka sheƙa shayin cikin wani kofin, sau uku, sau huɗu, ko ɗigo bai faɗi ƙasa ba. Kafin ya huce har an shiga zancen wanda aka yi wa rasuwa a Kabara da farashin buhun shinkafa a kasuwar Singa.

Daga wannan unguwar samari da 'yan mata suke hawa Adaidaita Sahu su fita wajen ganuwa, su nufi Nasarawa ko Bompai ko Titin Zoo, don su ɗanɗana sababbin shagunan kofi ɗaya bayan ɗaya. Na bi sahunsu na shiga da yawa daga ciki, domin na gaji da jin ana yanke wa abin hukunci daga nesa, ana cewa kwaikwayon Turawa ne kawai.

Harshenmu ma bai goyi bayan wannan hukunci ba. Kalmar “kofi” baƙuwa ce ta bayan zuwan Ingilishi, shi ya sa take rikita mu, abin sha kofi, mazubinsa ma kofi. Amma muna da “gahawa”, muna da “finjali”, dukkansu daga Larabci, kuma birnin da Larabawan Tarabulus da Gadamus suka zauna a cikinsa har suka bar mana sunan Alfindiki da gurasa da alkaki ba zai ce bai san gahawa ba. Mandawari kanta unguwar baƙi ce tun asali. Tarihin Kano ya lissafa Mandawali cikin Wangarawan da suka zo daga Mali tare da Abdurrahman Zaite a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), ya ce shi ne limaminsu, kuma da sunansa ake danganta unguwar. Ita ma gahawa hannun masu ibada ta fara bi: daga Habasha ta ƙetara Yaman, inda sufaye a ƙarni na 15 suke shanta don su raya dare da zikiri. A 1511 an hana ta a Makka, kuma abin da ya tayar da hankalin mahukunta ya haɗa da taron da ake yi a kanta. Wajen 1555 gidajen gahawa suka buɗe a Istanbul, sai a 1652 na farko ya buɗe a Landan. Musulmi sun riga Turawa zaman gahawa da kusan ƙarni guda.

To me ya sa Kano, duk da Kasuwar Kurmi da ayarin Sahara, ba ta gina gidan gahawa irin na Alƙahira ba? A ganina dalili biyu ne. Na farko goro. Abin da gahawa take yi wa mai jin barci, goro yana yi, sinadarin ma ɗaya ne, kuma fataken Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun daɗe suna ɗauko shi daga Gwanja. Goro ba ya neman wuta ko buta ko mazauni. A aljihu yake, a ɓara shi a miƙa wa na kusa, da shi ake neman aure, da shi ake gayyatar suna. Na biyu kuwa soro da dakali. Mutumin da ƙofar gidansa take da wurin zama kyauta, inda abokansa suke taruwa kullum a majalisa, ba shi da dalilin biyan kuɗi don ya zauna a ɗakin wani. Saboda haka gahawa ta tsaya a matsayin abin karamci: tsarabar alhazai, abin da ake zuba wa baƙo a finjali da dabino a gefe, ko a sha da daddare a watan azumi. A bakin mutanen birni ma ba lallai ta zama ta 'ya'yan bishiyar kofi ba, akwai masu soya ƙwallon dabino ko 'ya'yan rai-ɗore su daka, su ma gahawa suke kiranta. Kofin da ya shiga jinin talaka shi ne Nescafé, garin da kamfanin Nestlé ya fito da shi a 1938, wanda direban dare da ɗalibi mai jarrabawa suke cewa mai shayi ya ɗan barbaɗa musu.

A ɗaya daga cikin sababbin shagunan na zauna kusa da injin ina kallo. Yarinyar da ke aiki ta niƙa 'ya'yan kofin a gabana, ta danna garin cikin wani ɗan ludayin ƙarfe, ta maƙala, ruwan zafi ya ratsa shi da ƙarfi ya fito baƙi ƙirin da kumfa ja-ja a sama. Ta tafasa madara da tururi ta zana ganye a kai. Gwaninta ce ta gaske, kuma na yaba. Amma da na juya na dubi ɗakin, sai na ga rabin kofunan sun huce ba a shanye ba. Wani yana ta aiki a kwamfuta ya sa cajarsa a bango. Wasu mata uku sun baje takardu suna lissafin wani kasuwanci. Saurayi da budurwa suna magana ƙasa-ƙasa. Abin da na biya a kan kofi ɗaya zai ciyar da mutum uku ko huɗu a teburin unguwarmu, har da ƙwai. A nan na gane cewa kuɗin ba na abin sha ba ne, na zama ne: wutar da ba ta ɗaukewa, sanyin na'ura, intanet, da kujerar da ba wanda zai zo ya tambaye ka ɗan gidan wa ne kai.

Wannan na ƙarshe shi ne abin da masu sukar shagunan ba sa son dubawa, kuma shi ya fi damuna. Benci yana da daɗi ga wanda bencin ya karɓa. Yana ba ka bashi ranar da ba ka da ko sisi, yana cigiyarka in kwana biyu ba a gan ka ba, mai gadi da malamin jami'a suna zama a kansa kafaɗa da kafaɗa. Amma ban taɓa ganin mace ta zauna a teburin mai shayi a cikin birni ba. Sai dai ta aiko yaro da kwano ko fulas. Ɗalibar Jami'ar Bayero da take zaune a Mandawari, a gidan da ɗaki ɗaya yake ɗaukar mutum shida, tana son awa biyu na shiru ta rubuta aikinta, ina za ta? Matar da take sayar da atamfa ta waya, tana son ganawa da mai saye ba a cikin gidan mijinta ba, ina za ta? Su na fi gani a shagunan kofi, kuma ban ga alamar sun je yin gwaninta ba. Wurin zama ne suka rasa a unguwa suka samo a waje da tsada.

Inda nake ganin shagunan sun gaza shi ne ɗanɗano da harshe. Kusan duk wanda na shiga, jerin abin shan iri ɗaya ne, sunayen Italiya ne da rubutun Ingilishi, har dattijo zai ji nauyin tambaya. A wani wurin na ce a ba ni gahawa, yaron ya ce, “Yallaɓai, ba ma yi,” alhali ita ce a cikin injin da ke bayansa. 'Ya'yan kofin ma yawanci daga waje ake kawo su, bayan ana noma shi a tsaunin Mambila a Taraba da kuma tudun Jos. Mutanen Senegal sun nuna cewa akwai wata hanya. Kofin Tuba, wanda ake dangantawa da Shehu Ahmadu Bamba da almajiransa Muridai, da kimba ake soya shi, kuma a bakin titi ake sayar da shi a farashin da lebura zai iya. Kimbar nan ita ce dai wadda take cikin kayan yajin kowace uwargida a Mandawari. Mutanen Sudan suna dafa tasu da citta a 'yar tukunyar ƙasa. Buzaye sun kawo mana shayinsu na dahuwa uku a ƙaramar buta, samarin birni sun karɓe shi hannu bibbiyu har ya zama na majalisa, ba wanda ya kira shi baƙo.

Akwai wani soro a lungunmu da aka rufe tun rasuwar mai gidan. Duk lokacin da na wuce sai na auna shi da ido: zai ɗauki tabarma biyu da tebur huɗu, a raba shi da labule, ɓangaren mata da ƙofarsa daban. A sa sola a kan rufin, a dafa gahawar Mambila da citta da kimba, a zuba a finjali, dabino a faranti. Na faɗa wa mai shayinmu wannan tunani wani dare. Ya goge teburinsa, ya yi shiru, sannan ya ce, “Malam, in magadan za su ba da haya, ni ina da butar.”