Muryar Mamaci da Amshin Masu Rai: Nazari a kan Waƙar Beatles ta Ƙarshe

Ran 2 ga Nuwamba, 2023, aka fitar da wata waƙa mai suna *Now and Then*, aka ce ita ce ta ƙarshe da za a ji daga makaɗan nan huɗu na Liverpool, a ƙasar Ingila, waɗanda ake kira Beatles. Abin da ya sa ta isa a tsaya a dube ta shi ne biyu daga cikin huɗun sun daɗe da barin duniya. John Lennon, wanda muryarsa ke jan waƙar, an harbe shi a birnin New York ran 8 ga Disamba, 1980. George Harrison kuwa ciwo ya ɗauke shi a 2001. Ƙungiyar kanta ta watse tun 1970.

Ga yadda abin ya samo asali. Wajen ƙarshen shekarun 1970 Lennon ya zauna a gidansa yana kaɗa piyano yana rerawa, ya ɗauki abin a kaset, kamar yadda mawaƙi kan yi don kada abin da ya faɗo masa ya tsere. A 1994 matarsa Yoko Ono ta miƙa wa Paul McCartney irin waɗannan ɗauke-ɗauke, sauran ukun suka taru suka gyara biyu, watau *Free as a Bird* da ta fito a 1995 da *Real Love* a 1996. Ta ukun ta gagare su, gama akwai ƙugin lantarki a cikin kaset ɗin, piyano kuma yana danne muryar. Aka ajiye ta. Sai da Peter Jackson, mai shirya fim ɗan ƙasar New Zealand, ya yi aikin fim ɗin *Get Back* na 2021, sa'an nan ma'aikatansa suka koya wa kwamfuta rarrabe sauti da sauti, har ta iya zare muryar mutum daga cikin kiɗa.

A nan wajibi ne a kawar da wani kuskure da ya bazu. Na'urar ba ta kwaikwayi Lennon ba, ba ta kuma ƙaga masa ko harafi ɗaya ba. Sheƙe ta yi, ta raba tsaba da ƙaiƙayi. Muryar da ake ji tasa ce.

Masu suka na farko sun ce wannan ba waƙar ƙungiya ba ce, tun da mutum huɗun ba su taɓa zama ɗaki ɗaya a kanta ba. Wannan hujja ba ta da ƙarfi ga wanda ya san tarihinsu. Tun da suka yi wasansu na ƙarshe na 'yan kallo masu biyan kuɗi a San Francisco, ran 29 ga Agusta, 1966, Beatles suka koma gina waƙa a ɗakin ɗaukar sauti, ana ɗora wannan bisa wancan kamar tubali. *Strawberry Fields Forever*, wadda ta fito a 1967, kuma ake lissafa ta cikin mafi kyawun aikinsu, ɗinki ce ta ɗauka biyu da suka saɓa a sauri da kuma tsayin sauti. Lennon ne da kansa ya nemi George Martin ya haɗa su, aka ƙara wa ɗaya sauri, aka rage wa ɗaya, har suka dace. Ashe kuwa ɗinki ba baƙon abu ba ne a kiɗan rok.

Amma fa akwai bambanci, kuma a nan maganar take. A wancan karo Lennon ya nema, ya saurara, ya yarda. Duk da haka, daga baya ya yi ƙorafin cewa ba a ɗauki waƙar yadda ya so ba. Mutum ne mai wuyar gamsarwa. Mai karatu da ya saba da makaɗan fada ya san cewa 'yan amshi ba su da ikon ƙara ɗa ko rage shi sai jagora ya ba su hanya, in kuwa suka kauce, da ido kaɗai zai mai da su. A *Now and Then* an yi amshi shekara arba'in da wani abu bayan jagora ya yi shiru, babu idon da zai tsawata. Sha'anin Harrison ma ya fi wannan nauyi, domin shi yana da rai lokacin da aka gwada waƙar a 1995, kuma ya ƙi ta. McCartney ya ce ba ya son ta ne; matarsa Olivia ta ce lalacewar kaset ɗin ce ta hana shi, da ya ga an warware matsalar da ya shiga. Kowanne zai yiwu. Abin da ya tabbata shi ne jitar da ya kaɗa a wancan zama tana cikin waƙar da aka fitar, shi kuwa ba a sake tambayarsa ba.

In aka koma ga waƙar ita kanta, gaskiya matsakaiciya ce. Karinta mai sanyi ne, mai ɗauke da juyayi, kalmominta kaɗan ne, na godiya da kewa, ba a san takamaimai wa ake nufi ba. Sunanta yana da fuska biyu a Turanci: yana nufin jefi-jefi, yana kuma iya nufin yanzu da da, wanda ya yi daidai da halin da aka yi ta. Ringo Starr ya buga ganga da natsuwarsa da aka sani, bai nemi a lura da shi ba. McCartney ya kaɗa jita irin ta Harrison don tunawa da shi, abin ya yi kyau ba laifi. Inda aka wuce gona da iri shi ne gogen Turawa da aka jibga, tare da Giles Martin, ɗan George Martin, da kuma muryoyin amshi da aka ɗebo daga tsofaffin waƙoƙinsu kamar *Eleanor Rigby* da *Because*. Waƙar ƙarama ce, an sa mata babbar riga, tana jan ƙasa.

Babban hasara kuwa ita ce abin da aka yanke. A kaset ɗin asali akwai wani sashe inda kari ya karkata zuwa wata hanya dabam, Lennon yana lalube, kalmomi ba su gama zuwa ba, yana cike gurbi da gunaguni. McCartney ya cire wannan sashe ɗungurungum. Ana iya fahimtar dalilinsa, gama in ya bar shi sai ya rubuta wa mamaci kalmomi, wannan kuwa ya fi yanka muni. Amma da cirewar sai waƙar ta miƙe sumul, shakkar da ke cikinta ta tafi, alhali shakkar nan ce ta fi kama da Lennon. Abin da ya rage ya fi kusa da halin McCartney, mai son kari ya zagayo ya sauka lafiya.

Duk da haka akwai abu ɗaya da waƙar ta samu wanda babu wata tasu ta da da ta same shi, kuma ba na'ura ce ta ba da shi ba. Inda muryoyin biyu suka haɗu, ana jin ta mutumin da bai cika arba'in ba, tsaf da ita, a gefenta kuma ta tsohon da ya kai tamanin, ta dushe, tana ɗan rawa a sama. Abokai ne tun suna samari, shekara biyu ce tsakaninsu, ga shi yanzu ɗaya ya isa ya haifi ɗayan. McCartney bai ɓoye tsufansa ba, ya kuma tsaya a baya ya bar mamaci a gaba. Wannan kaɗai ya isa a saurari waƙar fiye da sau ɗaya.

Jama'a sun karɓe ta. Ta hau kan jerin waƙoƙin Ingila, shekara 54 bayan rabonsu da wannan matsayi a 1969, a 2025 kuma ta ci kyautar Grammy. A bayan faifan an sa *Love Me Do*, waƙarsu ta farko ta 1962. Malamin da ke son gwada wa ɗalibansa yadda gyara ke sauya waƙa, sai ya nemo ɗaukar asali, wadda ta daɗe tana yawo a hannun masu tara irin waɗannan abubuwa, ya kunna ta kafin wadda aka gyara. Ƙugin lantarkin yana nan a cikinta, sashen da aka yanke ma yana nan.