A kashe janaretan nan mu ji tsarkiya

Jama'a, abin nan da ake kira dawo da gargajiya a bukukuwanmu ya fara ci mini rai, kuma yau sai na faɗa. Kun san yadda ake yi yanzu daga Roni zuwa Kazaure har Gwiwa. A cikin kwanakin biki sai a ware rana guda ta al'ada. Amarya ta sha saƙi, ƙawaye sun yi shigar Fulani, an jera ƙore da faya-fayai da tukwanen ƙasa, an aika ƙauye an ɗauko mai kukuma ko mai gurmi. Har nan babu abin cewa sai madalla. Daga nan kuma sai a tada janareta, a jingina lasifikoki masu tsayin mutum, a cusa wa bawan Allah makirfo a bakin ƙoƙon abin kiɗansa, mai di-je ya murɗa amsa-kuwwa har ƙarshe, ya shimfiɗa gangar kwamfuta a ƙarƙashi. Don Allah wace kukuma kuma aka ji? An ga kukuma dai, an yi hoto da ita, amma jinta ba a yi ba.

Kayan kiɗan nan namu masu tsarkiya, goge da kukuma da garaya da molo da gurmi da kuntigi, ba don fili aka ƙera su ba. Fili na kalangu ne da ganga da tambari da kakaki, su ne aka yi don su ratsa gari. Masu tsarkiya na zaure ne da tsakar gida da gindin bishiya, inda mai saurare zai iya miƙa hannu ya taɓa gwiwar makaɗi. Girman muryarsu ke nan, kuma daɗinsu yana cikin wannan ƙanƙantar. Wanda ya ƙara musu ƙarfi ninki ashirin ya canza su zuwa wani abu dabam.

A kakar bara na je biki a wani ƙauye da ke bayan duwatsun Roni, kuma Allah ya sa na isa kafin a jona waya. Dattijon da aka gayyato yana zaune a kan tabarma a zauren gidan, mu 'yan kaɗan muna gefensa. Ya fito da kukumarsa daga jaka, ya danna fatar da babban yatsa, ya ga sanyin safiya ya sa ta saki, sai ya ce a miƙo masa kaskon wuta. Ya kara ƙoƙon daga nesa yana juya shi, yana ƙwanƙwasa fatar da farce har amonta ya tashi. Ya gyara zaman jakin da tsarkiya ke hawa, ya goga ƙaro a gashin bakan har ya yi fari, sannan ya ja sau ɗaya, dogon ja. Wallahi sai da yaran da ke ƙofa suka yi tsit. Kana jin gashi yana cizon gashi, kana jin ƙoƙon yana amsawa, kana jin numfashin mutumin kafin ya ɗora murya. Da aka fita fili aka jona shi, bai yi nisa ba ya tsaya cak, ya waiga wajen yaron da ke riƙe da na'ura.

"Yaro, rage mini abin nan, ba na jin hannuna."

"Baba, ka yi haƙuri, na baya ne ba sa ji."

Na baya kuwa hira suke yi, wasu suna rabon shinkafa. Yaron bai yi rashin kunya ba, aikin da aka biya shi yake yi. Amma makaɗi ya ce ba ya jin hannunsa, kuma duk filin babu wanda maganar ta dama.

Ku tsaya ku duba yadda goge yake. Rabin ƙwarya ne aka rufe da fatar guza ko damo, aka soka masa sanda, aka ɗaura masa tsarkiya guda. Tsarkiyar nan ba waya ba ce, damin gashin wutsiyar doki ne, bakan ma gashin doki ne. Shi ya sa muryarsa take da 'yar dishi-dishi irin ta mutum. Kuma mai goge ba ya danne tsarkiya a jikin sanda, taɓa ta yake yi da cikin yatsu, yana zamewa daga wannan amo zuwa wancan, yana bin hawa da saukar maganar Hausa. Da haka ne ake cewa goge yana magana, har wanda ya san kirarin gidansu ya tsinci sunan kakansa a cikin kiɗan tun mawaƙi bai buɗe baki ba. Amsa-kuwwar na'ura kuwa kowane amo sai ta maimaita shi sau uku a kan na bayansa. Maganar ta cakuɗe, kirarin ya narke, saura ƙara kawai. Kamar a dama fura mai kyau da nonon shanu ne, sannan a bulbula mata lemon kwalba a ce an ƙara mata daɗi.

Garaya ta fi shan wahala. Tsarkiya biyu gare ta, ana kaɗa ta da ɗan guntun busasshiyar fata, kuma asalinta kiɗan maharba ce, mai zuga namijin da zai shiga daji. Rabin armashinta yana cikin zizar ɗan ƙarfen nan mai zobba da ake maƙalawa a kan wuyanta, da cakin da ke raka ta. A zaure wannan zizar gishiri ce. A lasifika kuwa ita kaɗai ke fitowa, tana huda kunne, tsarkiyoyin su ɓace a ƙarƙashinta. Yaron da bai taɓa jin garaya ba sai ta wannan hanya, in ya ce kiɗan dā hayaniya ne, ban ga laifinsa ba.

Sai kuma ku masu bidiyo, 'yan ƙannena na situdiyo, ku ma ku matso. Tun ƙarshen shekarun 1990 da fiyanon Yamaha ya zauna daram a situdiyoyin Kano ake latso wani amo a ce goge ne. Na haƙura da wannan tuntuni, kiɗan fiyano kiɗa ne mai zaman kansa, yana da masoyansa, ni ma akwai waƙoƙin da nake so a ciki. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne sabon yayin nan: a sa wa saurayi kyakkyawa 'yar shara da malafa, a ɗora shi kan dutse, a ba shi goge ya rungume, yana jan baka hagu da dama, alhali abin da ke tashi daga fiyano yake fitowa. Hannu yana gabas, kiɗa yana yamma. Wani ma bakan bai taɓa tsarkiyar ba sam. Haba samari! Kuɗin da kuka kashe a hayar malafa da motar zuwa dutsen ai ya isa ku sallami mai gogen gaske na yini guda, ya zauna a ɗakin ɗaukar sauti ya ja muku abin da fiyano ba zai taɓa iyawa ba. Ga sunansa ya fita, ga waƙarku ta bambanta da ta kowa.

Mu a Jigawa ma bai kamata a koya mana wannan ba. Haruna Uji na Haɗeja da gurmi kaɗai ya cika Arewa. A sauran Arewa kuma, Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, kuntiginsa gwangwanin kifi ne da fatar akuya da tsarkiya ɗaya, shi kaɗai ba 'yan amshi, amma da shi ya yi Waƙar Karen Mota da Jawabin Aure, ya zaga ƙasashen duniya. Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka suka ɗaga kukuma, Garba Liyo ya ɗaga goge. Ku koma ku saurari tsofaffin kaset ɗinsu da kunnen basira. Za ku ji sarari tsakanin amo da amo, za ku ji inda makaɗi ya sassauta don magana ta wuce, ya kuma matsa inda take buƙatar zugi. Gangar kwamfuta ba ta sassautawa, ba ta jiran kowa. Da zarar an shimfiɗa ta, makaɗi ya zama yaronta, ita ke ja yana bi.

Na san abin da za a ce: ai su ma da makirfo aka ɗauke su. Gaskiya ne, kuma ba don gidajen rediyo da kaset ba da yau ba mu da muryar ko ɗayansu. Na yarda. Amma makirfo guda a ɗaki shiru, wanda aikinsa ya kwashe abin da ke akwai, dabam yake da lasifika huɗu a fili ana gasa da janareta. Za a kuma ce makaɗi abinci yake nema, a fili ake liƙi. Wannan ma haka ne, zan zo kansa. Masu cewa goge da garaya kayan bori ne kuwa, wannan muhawara ta malamai ce tun kafin a haife mu, na bar musu. Maganata da wanda ya riga ya gayyato makaɗin ce: tunda ka kira shi, ka bari a ji shi.

Abin da ya fi damuna ma ba ranar bikin ba ce, abin da ke bayanta ne. In kunne ya daina bambanta izgar doki da zaren roba na kamun kifi, wa zai ƙara wahalar neman izga? Tuni wasu suka koma zaren roba, saboda ba ya tsinkewa kuma a lasifika duk ɗaya ne. A ƙasar da ake hawan salla da dawakai reras a Kazaure, a ce gashin doki ya gagari mai goge? Fatar guza kam ta yi wuya, daji ya ja baya, wannan na sani. Amma sanin wace ƙwarya ce za ta yi amo, kaurinta da zurfinta, yadda ake jiƙa fata a ja ta a kafe ta, inda ake huda ƙofar da sauti ke fita, duk wannan a hannun tsofaffi 'yan ƙalilan yake, ba a rubuce yake ba. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da sassansu a littafinsu na 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihin makaɗa da mawaƙa da yawa, Allah ya saka musu. Sai dai littafi yana adana suna ne, hannu kuwa sai an zauna kusa da mai shi ake ɗauka.

Wasu sun farga kafin mu. A Turai akwai kiɗan da suke yi na mutum uku ko huɗu da gogunansu a ƙaramin zaure, ba lasifika ko ɗaya. Zauren Wigmore da ke Landan, wanda aka buɗe a 1901, kujerunsa ba su wuce 550 da 'yan kai ba, kuma manyan makaɗan duniya suna rububin su yi wasa a cikinsa. Da suka lura tsarkiyar ƙarfe ta canza muryar tsofaffin kiɗe-kiɗensu, sai wasu suka koma wa tsarkiyar hanjin tumaki da irin bakan da kakanninsu suka riƙe. Makaɗi Nikolaus Harnoncourt ya kafa ƙungiyarsa a Biyana a 1953 don wannan aiki, aka yi ta yi musu dariya da fari, yau kuwa a makarantu ake koyar da shi. Gogunan da Antonio Stradivari ya ƙera a garin Kiremona na Italiya kafin rasuwarsa a 1737 har yanzu ana kaɗa su, garin kuma yana da makarantar koyon ƙira tun 1938. In kun ce Turai ta yi nisa, ga maƙwabta. A Nijar, da biram, abin kiɗan Buduma na tafkin Chadi mai tsarkiya biyar, ya kusa ɓacewa, Malam Maman Barka, wanda dama gwanin gurmi ne, ya tashi takanas ya je ya zauna gaban tsohon da ya rage da sanin abin, Bukar Tar, ya koya, ya dawo Yamai yana koyarwa har rasuwarsa a 2018. Imzad, gogen matan Abzinawa, 'yar uwar namu ce ta jini, ƙwarya da fata da gashin doki, kuma UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya a 2013. Mu da muke da iri shida ko fiye, me muka yi musu ban da jingina su da lasifika?

Ba kuɗin gwamnati nake nema ba, ba kuma sabon gini ba. Zaure muna da shi a kowace unguwa. Mai biki ya ware sa'a guda bayan la'asar, a shimfiɗa tabarmi, mutum talatin ko arba'in, mata a nasu ɓangaren, wayoyi a aljihu ban da guda ɗaya da za a ajiye a gefe ta ɗauka. Mai ƙwarya ya raka shi da hannu mai sauƙi. Wanda yake son rawa ya jira dare, di-je na nan, ba wanda ya kore shi. Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, masu neman abin da za su yi a makon al'adu, su ma ga aiki: aji ɗaya, makaɗi ɗaya, a rufe ƙofa, in ya gama a tambaye shi yadda ya haɗa abin kiɗansa, a rubuta.

Batun abinci kuwa, ga inda ya tsaya. A zaure liƙi ba zai kai na fili ba, don haka a yanka wa makaɗi kuɗinsa tun kafin ya zauna, kuɗi na mutunci, kada ya gaza abin da ake ba mai kayan sauti. Yanzu haka sau da yawa hayar janareta da man da zai sha sun fi abin da dattijon ke komawa gida da shi, shi da yaransa. In da mai haɗa goge ko kukuma da izga ta gaske a tsakanin Roni da Gwiwa da Babura, ina neman sa. Zan sayi biyu a farashin da ya faɗa, kuma ina da yaro ɗan 'yar uwata mai kunnen kiɗa da zan kai masa ya zauna a gabansa, in iyayensa sun amince.