Marubuciya Ita Kaɗai A Shagonta

Watan jiya na biya naira 1,000 aka saka ni a wani zauren WhatsApp don in ƙarasa littafin da na fara karantawa a kyauta. Shafuka ashirin na farko sun kama ni sosai: bazawara ce mai suyar awara a ƙofar gida, tana faɗi-tashin ƙwato ɗanta daga hannun dangin miji. Daidai ranar da za a shiga kotu sai ga sanarwa: shafukan kyauta sun ƙare, ga lambar asusu, a turo shaidar biya. Kuɗin ba su dame ni ba. Abin da ya faru da labarin bayan na shiga ne ya dame ni.

Marubucin Hausa ya daɗe yana riƙe da sana'arsa shi kaɗai. Da kamfanoni irin su NNPC ta Zariya suka karkata ga littattafan makaranta, matasan Kano sai suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kwikwiyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, 'yan ƙungiyar Raina Kama kuma suna tallata littattafan juna. Masana suka laƙaba musu sunan adabin kasuwar Kano, ba da niyyar yabo ba. Amma littafin nan na Balaraba sai da aka fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012. Tun a lokacin ciniki yana sa hannu a cikin labari: ana raba littafi kashi na ɗaya, na biyu, na uku, cinikin wannan ya buga wancan, a katse kowane kashi a inda mai karatu zai dawo.

Sai dai wancan marubucin yakan gama kashinsa kafin ya kai maɗaba'a. Ta yau kuwa tana rubutu ne kwastomomi na tsaye a kanta. Ita ce mai bugawa, ita ce mai talla, ita ke duba wanda ya biya da wanda ya turo shaidar bogi, ita ke ba da haƙuri in ciwon yaro ya hana ta sakin ci gaba. A cikin wannan jerin, aikin edita ne ke fara faɗuwa, don shi ne kaɗai babu wanda zai yi mata ƙorafi a kansa a daren nan.

A littafin da na saya, shari'ar da aka yi shafi ashirin ana shirya mu dominta an gama ta a shafi biyu. Daga nan wani hamshaƙin saurayi ya ɓullo daga Dubai, 'yan zaure suka yi ca suna yabonsa, sai ya mamaye littafin. Mako guda muka yi ana lissafa kayan lefe. Mai awarar da ta iya mayar wa surukarta magana ta koma mai kuka da sunkuyar da kai. Ba rashin iyawa ba ne, shafukan farko sun shaida. Masu sharhi ne suka karɓe alƙalamin, ita kuma ba ta da halin ɓata wa wanda ya biya rai.

Ni aikina rubuta manhaja ne, don haka ina ɗan yi mata uzuri. Duk abin da ya shiga waya a matsayin rubutu, kwafarsa ba ta cin ko sisi. Mutum ɗaya ya biya, zaure goma su karanta. Gargaɗin Allah-ya-isa da ake liƙawa a saman kowane shafi bai hana ba. Ajiye littafi a dandalin wani ma ba tabbas gare shi: OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka yi ciniki, ya rufe a 2023. Abin da ba ya satuwa shi ne zama a zauren, ka karanta da ɗuminsa, marubuciya ta amsa maka. Shi take sayarwa a zahiri, shi ya sa labari ba ya son ƙarewa.

Uzurin ya tsaya nan. Wadda ta iya tsara farashi da lokacin talla za ta iya gama littafi kafin ta buɗe zaure, ta ba mutum ɗaya mai ido ya karanta, sannan ta riƙa saki kullum kamar yadda aka saba. Zai ci mata watanni babu ciniki, na sani, kuma ba kowa ke da jarin wannan jiran ba. Na rubuta mata haka a keɓe. Ta amsa da godiya, ta ce sabon littafi zai fara fita bayan Sallah, ta riga ta rubuta shafi takwas.