Tsakanin Hambaga da Burabusko: Sharhi a Kan Yadda Muke Auna Abincin Amurka da Namu

Gabatarwa

Daga cikin muhawarorin da ɗalibai ba su gajiya da su a wannan jami'a tamu akwai ta abinci. Ɓangare guda na cewa duk duniya babu inda ya kai Amurka yawan ire-iren abinci da tsafta da iya tsara shi a faranti. Ɗaya ɓangaren kuwa cewa yake yi Amurkawa ba su da abinci sam, in ban da burodi da maiƙo da sukari. Abin da ya ja hankalinmu shi ne dukkan ɓangarorin biyu daga rijiya ɗaya suke ɗibar hujja, watau finafinai da tallace-tallace da hotunan da ke yawo a wayoyin hannu. Manufar wannan ɗan sharhi ita ce mu ɗora hukunce-hukuncen nan biyu a kan sikeli, mu auna su ta fuskar yawan iri da ta fuskar inganci, muna masu kafa misali da tukunyar Yerwa, domin ita ce muka sani ciki da bai.

Wane ne abincin Amurka?

Idan aka ce abincin Amurka, abin da ke faɗo wa mafi yawanmu a rai shi ne hambaga, burodin nan mai niƙaƙƙen nama a tsakiya, da soyayyen dankalin Turawa da soyayyiyar kaza da lemon kwalba. Wannan kuwa abincin kamfani ne, kuma shekarunsa ba su da yawa. A 1948 ne wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka sake tsarin shagonsu a San Bernardino ta jihar Kalifoniya, suka rage jerin abin da suke sayarwa, suka raba aikin girki gunduwa-gunduwa kamar na masana'antar haɗa mota. Ray Kroc ya ɗauki tsarin ya fara yaɗa shi daga 1955. Mu nan ma kwaikwayonsa muka fara ɗanɗana, ta hannun Mr Bigg's da kamfanin UAC ya buɗe a Ikko a 1986, kafin KFC ta iso a 2009. Wanda ya yanke wa mutane fiye da miliyan 330 hukunci da wannan kaɗai, tamkar baƙon da ya sauka a tasha ne da tsakar dare, ya ci Indomie da ƙwai a teburin mai shayi, sa'an nan ya koma garinsu yana ba da labarin girkin Barebari.

Gaskiyar magana, masu yabon Amurka da yawan iri suna da hujja. Ƙasa ce ta baƙi, kuma kowane baƙo da tukunyarsa ya shiga. Italiyawa sun kai fiza daga Nafoli, sunan hambaga kansa daga birnin Hambog na Jamus ya samo asali, Sinawa da mutanen Meziko da Labanawa da Habashawa kowa ya kafa murhu. A unguwar Harlam ta birnin Niyok akwai layin da ake yi wa laƙabi da Ƙaramar Sanigal, a Biron kuwa mutum zai sami shinkafa da wake irin ta zangunan Gana, wadda sunan da ake kiranta da shi a can daga kalmar “wake” ta Hausa ya fito. Ta wannan fuska babu garin da zai ja da manyan biranen Amurka, har da Yerwa, duk da cewa ita ma mahaɗa ce ta Barebari da Shuwa da Hausawa da Fulani da Babur da Margi da mutanen Cadi da na kudancin ƙasar nan.

Masu cewa Amurka ba ta da girkin kanta kuma, ya kamata su leƙa jihohinta na kudu, domin a can za su tarar da danginsu a cikin tukunya. Miyar da ake ji da ita a Luwiziyana, mai suna gambo, sunanta ma daga kalmar kuɓewa ne a wasu harsunan Bantu. Waken da mutanen Karolina ke dafawa da shinkafa ranar sabuwar shekara shi ne dai wakenmu na ƙosai da alala. Riɗi ma ta jiragen bayi ya ƙetara. Judith Carney, a littafinta Black Rice na 2001, ta tafi a kan cewa ilmin noman shinkafar da ya arzuta masu gandayen Karolina bayin Afirka ta Yamma ne suka je da shi, ko da yake wasu masana tarihi sun ja da ita a kan girman wannan gudummawa. Sa'an nan idan muka juyo gida muka buɗe tukunyarmu, barkono da tumatir da masara da rogo da gyaɗa da dankali duk daga nahiyar Amurka suka zo, daga yankunan Meziko da Feru da Barazil, bayan shekarar 1492. A cire barkono da tumatir daga miya, a cire ƙuliƙuli daga yajin tsire da kilishi, a ga abin da zai rage na girkin da muke kira na kaka da kakanni.

Faɗi da zurfi

Inda muke ganin masu yabo sun yi tuntuɓe shi ne wajen ƙidaya. Sunayen da ke kan takardar jerin abinci suke ƙirgawa, alhali kuwa a ƙarƙashin sunayen nan masu yawa amfanin gona kaɗan ne ke jujjuyawa. Masara ce ake ciyar da saniyar da ta zama hambaga, ita ce abincin kazar, daga cikinta ake tatso zaƙin da ke cikin lemon kwalba, waken suya kuma ya ba da man da aka yi suyar. Yawan iri na Barno ta wata hanya ya bi, hatsi ɗaya ne ake sarrafa shi har ya zama abinci goma waɗanda ba su yi kama da juna a baka ba.

Mu ɗauki gero. Binciken haɗin gwiwa da jami'ar nan ta yi da Jami'ar Farankfot a shekarun 1990 ya gano shaidar geron noma a jikin katangar tukwane a kufan Gajiganna, arewa da Maiduguri, wadda ta haura shekara 3,000. A tsawon wannan zamani an koyi fitar da fura da kunu da koko da gumba da waina da tuwo da burabusko daga zangarniya ɗaya. Gagarabadau a cikinsu shi ne ndaleyi, tuwon da Barebari ke fita kunyar babban baƙo da shi. Ana jiƙa geron kwana da kwanaki har ya yi tsami, a wanke, a niƙa, a tace, a bar shi ya kwanta, a raba farin gari da abin da ya taso a samansa, a shanya, kafin a kai ga tuƙi. Farfesa Iro Nkama da abokan aikinsa na sashen kimiyyar abinci sun wallafa nazari a kan yadda ake yin sa a 1994, kuma duk wanda ya bi matakan zai yarda cewa tsohuwar da ke wannan aiki ta san sirrin tsamarwa kamar yadda Bafaranshe mai yin cuku ya san nasa. Ga sinasir mai ƙananan idanu, wanda in aka yi gaggawar kwaɓinsa sai ya fito kamar faifai. Ga danderu da ake bari ya nuna a hankali cikin kayan ƙamshi har nama ya rabu da ƙashi. Ga masakwa da ake dasawa a ƙasar firgi bayan ruwa ya janye, ta nuna da rani ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Ga bandar Baga da ta kai sunan Barno har kasuwar Anaca.

Amma kada daɗin lissafi ya ɗebe mu. Wannan jerin gwano na ranar biki ne da ranar Salla. A gidan talaka, Litinin zuwa Lahadi, tuwo ne da miyar kuka, gobe a sake da karkashi ko busasshiyar kuɓewa, da safe a ɗumama. Ɗanyen ganye da 'ya'yan itace sai lokacinsu ya zo. Ba'amurke mai matsakaicin hali yana iya cin girkin ƙasa uku a mako guda ba tare da ya bar unguwarsu ba. Wanda ya ce mun fi su yawan iri a zaman yau da kullum, ƙaunar gida ce ta yi magana da bakinsa.

Batun inganci

Inganci kalma ce mai ɗaki biyu, tsaftar abin da aka ci yau, da kuma abin da zai yi wa jiki bayan shekara 20. A ɗaki na farko Amurka ta yi mana nisa, kuma yana da kyau ɗaliban adabi su san cewa alƙalami ne ya share fagen. Labarin Upton Sinclair mai suna The Jungle, wanda ya fito a 1906, ya tona ƙazantar mahautan Cikago, a shekarar kuma majalisar ƙasar ta zartar da dokar duba nama da ta tsaftar abinci da magunguna. Mu kuwa sai a 1993 aka kafa hukumar NAFDAC. Har yanzu akwai 'yan kasuwar da ke zuba maganin ƙwari a kan wake da busasshen kifi don gudun ƙwaro, abin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen waken Nijeriya a 2015. Daɗin banda ba ya wanke wannan laifi.

A ɗaki na biyu labari ya sha bamban. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun nuna cewa kimanin mutum 4 daga kowane baligi 10 na fama da ƙibar da ta wuce kima, kuma fiye da rabin ƙarfin da Amurkawa ke samu daga abinci yana fitowa ne daga kayan da masana'anta ta sarrafa har suka fita daga kamanninsu. Gero da daddawa da kuka da zogale da kindirmo, waɗanda wasu 'yan boko ke jin kunyar ambata, su ne irin abin da likitan can ke roƙon majiyyacinsa ya koma ci. Wani abin dariya kuma, sinadarin buromet mai kumbura burodi, wanda NAFDAC ta yaƙa a zamanin marigayiya Dora Akunyili, dokar tarayyar Amurka ta daɗe tana barin masu gashi su yi amfani da shi.

Idan aka kawo wasu ƙasashe cikin awon, sai a ga abin da ya ɗaga girkinsu shi ne rubutawa da karewa. Hukumar UNESCO ta sa teburin Faransawa da girkin Meziko cikin jerin al'adun da ake tattalinsu a 2010, na Jafan a 2013, kuskus na Arewacin Afirka a 2020, dafa-dukan kifi ta Sanigal a 2021. Kuskus kuwa ɗan'uwan burabusko ne da dashishi. Daga wajenmu bikin kamun kifi na Argungu ya shiga a 2016, hawan Sallar Kano a 2024, ndaleyi kuwa yana nan a ƙwaƙwalwar tsofaffin mata da 'yan takardun da ke kan kantar ɗakin karatu.

Baƙon da ya riga ya zama ɗan gida

Duk wannan muhawara ana yin ta ne a kan hambaga, alhali abincin Amurka da ya fi shiga cikin Maiduguri shi ne burodin da ake tsomawa a shayi kowace safiya. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Barno da ƙasar Hausa, an daɗe ana noma ta kaɗan-kaɗan a bakin Komadugu da fadamu, ana yin alkaki da taliya da gurasa da finkaso don manyan gidaje. Kuɗin mai na shekarun 1970 ne ya mai da ita abincin kowa, da jiragen ruwa suka riƙa sauke alkamar Amurka a Apapa. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun kira lamarin tarko a littafinsu The Wheat Trap na 1985, domin ƙasa ta saba da cin abin da ba ta iya nomawa gwargwadon bukatarta.

Barno aka ɗora wa nauyin kwance tarkon. An kafa Hukumar Raya Tafkin Cadi a 1973, da Cibiyar Binciken Tafkin Cadi a nan Maiduguri a 1975, aka haƙa magudanan ruwa daga tafki zuwa Sabuwar Marte da niyyar shayar da kimanin kadada 67,000 ta alkama da shinkafa. An ƙaddamar da aikin a 1979, sai tafkin, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ja da baya ya bar bakin magudanar a kan busasshiyar ƙasa. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga Janairun 1987, burodi ya yi tsada, fasa-ƙwauri ya bunƙasa ta kan iyakoki, a 1992 aka janye hanin. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ƙasar nan ke ci daga waje take zuwa, daga Amurka da Kanada da Rasha da Turai. Rikicin da ya ɓarke a 2009 kuma ya tashi Marte da Baga da Kukawa, ya tara manoman gero da masunta a sansanoni da unguwannin bayan gari, inda mai rumbu jiya ya koma jiran awo.

Ba daɗi ne ya ba burodi nasara a kan koko da ɗumame ba. Burodi ba ya bukatar itace ko gawayi ko turmi, ɗalibin da zai shiga aji ƙarfe 8 yana gama karyawa a tsaye. Ndaleyi kuwa yana son mako guda, da ruwa mai yawa, da tsakar gidan da za a yi shanya, da macen da ta koya a wajen uwarta. Matar da aka raba da garinsu, tana zaune a ɗakin haya guda da 'ya'ya shida a Bulunkutu ko Muna, ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun farko, 'yarta kuma da ta tashi a nan birni ba ta taɓa ganin an jiƙa geron ba.