Shin ƙashin mutum na iya faɗin garinsu?



Ranar 21 ga watan Satumban 2001 aka tsinci gangar jikin wani yaro baƙar fata a kogin Thames, kusa da gadar Tower Bridge, ba kai, ba hannu, ba ƙafa. 'Yan sanda suka raɗa masa suna Adam. A 2002 Nelson Mandela da kansa ya roƙi duk wanda ya san yaron ya fito. Shiru. Aka koma ga masana kimiyya, kuma a 2003 labari ya bazu cewa ƙashin yaron ya nuna daga wajejen birnin Benin na Najeriya ya fito.

To ta yaya? Akwai wani sinadari, sitirontiyam, a cikin duwatsu. Ƙwayoyin zarrarsa iri huɗu ne, halinsu ɗaya amma nauyinsu ya bambanta. Su ake kira aisotof. Mai lamba 87 kusan kashi 7 ne cikin ɗari, mai lamba 86 kuma kusan kashi 10. Sai dai na 87 ɗin a hankali yake ƙaruwa, domin wani sinadarin, rubidiyam, yana rikiɗewa ya koma shi, saboda haka ya fi yawa a tsofaffin duwatsu masu rubidiyam. Daga dutse ya shiga ƙasa da ruwa, ya shiga amfanin gona, ya shiga tuwonku, ya zauna a ƙashi. Jami'ai suka je Najeriya suka ɗebo ƙasa da duwatsu da ƙasusuwan dabbobi, aka gwada.

Aikin kam an yi shi, ba ni da ja. Inda nake da ja shi ne yadda jaridu suka ɗauki sakamakon kamar an ga katin shaidar yaron. Awon na iya cewa wannan yaro ba a Landan ya girma ba, don ƙasar nan yumɓu ce da alli, ba tsohon dutse ba. Amma faɗin gari takamaimai wani abu ne daban. Tsohon dutsen da Ibadan ke kai, danginsa ne ke ƙarƙashin Zariya da Kano, har wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Wurare biyu masu nisa na iya ba da lamba ɗaya.

Sannan ku da kanku kun san abinci ba ya zama inda aka noma shi. Waken kasuwar Dawanau, albasar Aliero, shanun Arewa, duk a kudu ake cinye da yawansu. Ƙashin yaron da ya ci waɗannan, wace ƙasa zai nuna? Ga kuma matsalar haƙori. Shi ya fi adana shaidar ƙuruciya, tunda ɓawonsa ba ya sabuntuwa kamar ƙashi, amma a nan kan ma babu shi.

Mai yiwuwa ne ƙwarai masanan sun yi daidai, domin 'yan sanda sun haɗa awon da wasu shaidun. Amma fa "mai yiwuwa" ita ce kalmar da ta faɗi a hanya tsakanin ɗakin gwaji da kanun labarai, aka bar mutanen gari guda da tabon kisan tsafi.

A 2006 aka binne yaron a Landan. Ba a gurfanar da kowa bisa laifin kashe shi ba.